Daga lungun Kirkissoye zuwa bakin kogin Isa: Wane idon kyamara ne ya dace da mai yawo da ƙafa?

Da la'asar sakaliya, idan zafin Yamai ya fara sauka, wanda ya taka daga cikin unguwar Kirkissoye zuwa bakin kogin Isa zai ratsa wurare uku da ba su yi kama da juna ba.

Da farko lungu ne, katanga a dama katanga a hagu, yara na buga ƙwallo, mai ƙosai ta hura wuta, samari sun ɗora shayi a fada. Daga nan sai fili ya buɗe, fadamun shinkafa da lambuna su miƙe. A ƙarshe ga kogin kansa, masunta cikin kwale-kwale can tsakiyar ruwa, gine-ginen birni kuma a tsallake.

Idon ɗan Adam ba ya shan wahala da wannan sauyi. Kyamara kuwa tana sha. Gilashin da ke gabanta, wanda masu sana'ar a Yamai ke kira objektif, a Kano kuma ake ce masa lens, shi ne idonta, kuma kowane ido da irin ganinsa. Wanda ya iya kwashe lungu baki ɗaya zai mayar da masunci ɗan ɗigo a cikin hoto. Wanda ya iya jawo masuncin kusa kuma ba zai ga komai a lungu ba sai bulo biyu na katanga.

Maganar ta wuce ta sha'awa, domin ta kuɗi ce. Matasa da dama a wannan ɓangare na Harobanda, gunduma ta 5 ta birnin Yamai, suna fara sana'ar hoto ne da kyamarar hannu, ko wadda wani ɗan'uwa ya aiko daga Faransa, Beljiyam, Akara, Abijan ko Greensboro ta Amurka, inda 'yan Nijar suke da yawa. Da ita ake ɗaukar biki da suna, da ita kuma ake yawo. Idan aka yi kuskuren zaɓen ido, gumin watanni ne zai kwanta a cikin jaka.

Abin da lambobin ke faɗa

A jikin kowane ido akwai lambobi iri biyu.

Ta farko ita ce mai "mm", kamar 18mm, 50mm ko 200mm. Ita ke nuna faɗin abin da idon ke gani. Ƙaramar lamba tana kwaso wuri mai faɗi, babba kuma tana ƙuntata gani ta jawo abin da ke nesa. A kan babbar kyamara, ido mai 24mm yana ganin kusan digiri 74 daga hagu zuwa dama, mai 50mm yana ganin kusan 40, mai 200mm kuma kusan 10 kacal.

Idan lambar biyu ce, kamar 18-55mm, ana iya murza idon ya tashi daga faɗi zuwa kusa. Shi ake kira zum. Idan ɗaya ce, idon kafaffe ne, mai shi ne zai matsa gaba ko ya ja baya da ƙafarsa.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin "f", kamar f/1.8 ko f/5.6, kuma tana nuna girman ƙofar da haske ke bi ya shiga. A nan lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ido mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wanda ke kan f/5.6.

Lissafin da ke yaudarar masu saye

Akwai wani abu da ba a rubuta a jikin ido ba, kuma shi ya fi jefa sababbin shiga cikin nadama.

A cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti da ke karɓar haske, wanda ya maye gurbin fim. Na manyan kyamarori girmansa milimita 36 ne da 24, daidai da fim ɗin da. Amma yawancin kyamarorin da ke hannun masu farawa, irin su Canon 600D, 700D da 2000D, ko Nikon D3200 da D5300, ko Sony a6000, farantinsu ƙarami ne, wanda ake kira APS-C. Ƙaramin faranti yana yanke gefen abin da ido ya gani. Saboda haka sai a ninka lambar idon da 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, ko da 1.6 a Canon, kafin a san ainihin ganinsa.

Wato ido mai 50mm, wanda ake yabo a bidiyoyin YouTube cewa shi ne ya fi kusa da ganin ɗan Adam, idan aka ɗaura shi a Canon 700D, ganinsa na 80mm ne. Ya zama idon ɗaukar fuska. Ya daina zama idon yawo.

Lissafin a ƙasa ya fi fitowa fili. Da 50mm a ƙaramin faranti, kafin mutum ɗaya ya fito daga hula zuwa takalmi sai an ja baya kusan mita 4. Kafin a haɗa mutum goma a jere, sai an ja baya fiye da mita 10. A ɗakin amarya, ko a tsakar gidan haya, babu wannan fili. Bango ne zai tare mai hoton. Da 18mm kuwa, mita 4 sun isa a kwashe mutum goman.

Ga mai ƙaramin faranti da ke son kafaffen ido na yawo, lambar da zai nema tana tsakanin 23mm da 35mm. Nikon na da 35mm f/1.8 na DX mai nauyin giram 200. Canon na da EF-S 24mm f/2.8, siriri kamar faifai, giram 125 kawai. Duk biyun suna shiga aljihun riga.

Idon da ake rainawa

Kusan kowace kyamarar masu farawa tana zuwa da ido mai 18-55mm. Jikinsa roba ne, ba shi da nauyi, ba shi da kwarjini, kuma shi ne abu na farko da matashi ke son rabuwa da shi da zarar ya ga abokan sana'a da manyan idanu.

Amma idan aka yi lissafin da ke sama, ganinsa yana tashi daga kusan 28mm zuwa sama da 80mm. A ƙasan lambar zai ɗauki lungu, rumfar kasuwar Katako, ko zauren da ake raɗin suna. A saman lambar zai ɗauki fuskar tsohuwa mai tallar kopto, ko hannun manomi yana dashen shinkafa. Da rana tsaka, a ƙasar da haske ya yi yawa har ya zama matsala, da wuya mai kallon hoto a waya ya bambance aikinsa da na idon da ya ninka shi tsada sau biyar.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin ko lokacin sauya shi ya yi. Kowane hoto yana ajiye bayanin lambar da aka ɗauke shi da ita. Mutum ya yi wata guda yana yawo da idon, sannan ya zauna ya duba hotunan da suka fi burge shi. Idan yawancinsu a 18mm suke, mai son faɗi ne. Idan a 55mm suke kuma kullum yana jin bai kai ba, dogon ido yake buƙata. Idan kuwa matsalarsa duk ta dare ce, to maganin yana wani wuri.

Bayan magariba

A Yamai duhu ba ya jira. Rana na faɗuwa, cikin ɗan lokaci gari ya rufe. Kuma rayuwar unguwa da yawa a lokacin take farawa: masu tsire sun kunna fitila, fada ta cika, ana kai amarya, ga kuma ɗaukewar wuta da ke iya zuwa ana tsakiyar hidima.

A nan ne idon 18-55mm ke gazawa. Idan aka murza shi zuwa 55mm ƙofarsa tana tsukewa zuwa f/5.6. Kyamara sai ta rage saurin ƙiftawa don ta tara haske, duk wanda ya motsa ya fito dishi-dishi. Ko kuma ta ɗaga lambar ISO, hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi.

Kafaffen ido mai f/1.8 shi ne maganin da ya fi araha. Inda zum zai buƙaci kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa, shi zai ɗauka a kashi ɗaya cikin 100, saurin da ya isa ya tsayar da mai zuba shayi. Babbar ƙofa kuma tana narkar da abin da ke bayan mutum, fuska ta fito ita kaɗai, abin da masu biki suka fi so.

Sai dai a lura da abu biyu. A f/1.8 yankin da ke fitowa tangaran siriri ne, idan mutum uku suka tsaya ba a layi ɗaya ba, ɗaya zai fito biyu su dushe. Sannan na'urar hana rawa da ke cikin wasu idanu, wadda Canon ke rubutawa IS, Nikon VR, Sony kuma OSS, rawar hannun mai ɗauka kawai take gyarawa. Ba ta tsayar da yaron da ke gudu.

Dogon ido da abin da yake jawowa

A bakin kogi ne kwaɗayin dogon ido ke tashi. Kirkissoye na gaɓar dama, don haka da yamma rana tana bayan mai kallon birni, haskenta na sauka a kan ruwa da kwale-kwale. Duk wanda ya tsaya nan da 55mm zai ji hannunsa ya gaza.

Akwai wuraren da dogon ido ya zama dole. Raƙuman dawan Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, waɗanda suka ragu zuwa kusan 50 a tsakiyar shekarun 1990 kafin su ƙaru zuwa ɗaruruwa, ba a matsa musu. A tazarar mita 50, ido mai 200mm a ƙaramin faranti ya isa ya cika hoto da raƙumi guda. Haka dorinar Ayoru. Haka filin kokowar takobi, gasar da aka fara a Tawa a 1975, inda ɗan kallo ba ya shiga da'ira. Haka hawan sallah a Damagaram, Katsina ko Kano, inda tsayawa gaban doki ganganci ne.

Don irin waɗannan, ido mai 55-200mm, 55-250mm ko 70-300mm ya wadatar, kuma masu sauƙin cikinsu ba su kai rabin kilo ba. Babban farin idon nan mai 70-200mm f/2.8 da ake gani a hannun 'yan jaridar wasanni ya kusa kilo ɗaya da rabi. Idon aiki ne na gaske, amma wanda ya rataya shi a wuya ya taka daga gadar Kennedy zuwa Kirkissoye a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gobe a gida zai bar shi.

Dogon ido yana da dokar hannu: saurin ƙiftawa kada ya gaza lambar ganinsa. Idan ganin ya kai 300mm, to a ɗauka a kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa ko fiye. Kuma a lokacin hunturu, hazo yana cin hoton nesa. Duk tsadar ido, ƙurar da ke tsakaninsa da tsallaken kogi ita ma za ta shiga hoton.

Akwai kuma nauyin da ba na kilo ba. Mutumin da ya tsaya nesa ya auna mata masu wanki da dogon ido, ba tare da sallama ba, ya jawo wa kansa magana, kuma da gaskiyar masu maganar. A halin tsaron da Sahel ke ciki, auna irin wannan ido wajen gada, barikin soja, shingen jami'an tsaro ko filin jirgi na iya kai mutum ga amsa tambayoyi. Yankin Kure ma, tun harin watan Agustan 2020 da ya hallaka mutum takwas, wuri ne da sai an nemi bayanin hukuma kafin a kama hanya.

Waɗanda suka riga mu taka wannan gaɓa

Tarihin hoto a wannan kogi ya fi karkata ga masu matsawa kusa.

Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe fiye da rabin ƙarni yana ɗaukar fim a Nijar, ya bi kogin Isa cikin kwale-kwale a 1946 zuwa 1947. A wannan tafiya ya rasa ƙafa ukun da ake ɗora kyamara, dole ta sa ya riƙa ɗauka a hannu, daga baya abin ya zama salonsa. An san shi da ƙin dogaro da zum. Ya fi son ya taka da kyamara ya shiga cikin mutane da ya zuƙo su daga nesa. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, kuma a Yamai aka binne shi.

Philippe Koudjina, wanda ya rayu daga 1940 zuwa 2014, ya bar wa Yamai hotunan darenta na shekarun 1960 da 1970: matasa cikin kwalliya, masu rawa, mawaƙa. Duk wanda ya kalli hotunan zai ga mai ɗaukar yana tsakiyar taron, kuma mutanen sun san da shi. A Bamako, Malick Sidibé ya fara ne a 1956 da 'yar kyamarar Brownie, wadda idonta ɗaya ne a kafe, ya kuma kai ga karɓar babbar lambar yabo ta baje kolin Venis a 2007. Henri Cartier-Bresson, wanda ya zauna a Kwaddibuwa yana matashi, ya yi yawancin aikin rayuwarsa da Leica da ido mai 50mm, har yakan rufe ƙyallin kyamarar da baƙin tef don kada ta ja hankali.

Babu ɗayansu da ya mallaki abin da ke cikin kyamarar ɗan makaranta a yau. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne sanin ido ɗaya ciki da waje, har su san abin da zai shiga hoto tun kafin su ɗaga kyamara.

Ƙura, zafi da danshi

Masu ba da shawara daga Turai sukan ce a tafi da kafaffun idanu biyu ko uku, a riƙa sauyawa. A Yamai wannan shawara tana da farashi. Duk lokacin da aka cire ido, cikin kyamara a buɗe yake. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗauke da ƙura mai laushi, kuma ƙwaya ɗaya idan ta zauna a kan faranti za ta fito a matsayin baƙin tabo a sararin samaniyar kowane hoto. Kyamarori marasa madubi sun fi shiga wannan haɗari, domin a yawancinsu farantin a fili yake da zarar an cire ido.

Wannan ne babban dalilin da ya sa ido guda mai dogon zango, kamar 18-135mm na Canon ko 18-140mm na Nikon, yake da ma'ana a nan. Nauyinsa kusan rabin kilo ne, yana ɗaukar lungu, ya ɗauki masunci, ba a cire shi ba. Abin da ake bayarwa a madadin haka shi ne hasken dare da ɗan kaifin hoto a ƙarshen zangon. Masu kaiwa 300mm ko 400mm sun fi nauyi, kuma rauninsu a ƙarshen ya fi bayyana.

Idan sauyawa ta zama dole, a kashe kyamara, a juya wa iska baya, a kifa bakinta ƙasa, a gama cikin daƙiƙu. A kan kabu-kabu ko bayan mota a buɗe, kyamara ta zauna cikin jaka.

Wajen gogewa, a fara hure ƙura da ɗan famfon roba kafin a sa ƙyalle. Ƙurar Sahel yashi ce, wanda ya goge ta da gefen riga ko rawani ya kankare gilashinsa da hannunsa. Gilashin kariya mai arha da ake ɗaurawa a gaba, da hular da ke tare hasken rana, sun fi sauƙin sauyawa a kan idon kansa. Kada kuma a bar kyamara cikin mota a rufe da rana.

Damina kuma da nata. A unguwar da ke kusa da ruwa da fadama, danshi yana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi, kamar saƙar gizo-gizo. Idon da aka kulle a akwati wata uku ya fi kamuwa a kan wanda ake fita da shi. 'Yan ƙullin tsotse danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi suna da amfani a jakar kyamara.

Kafin ɗan'uwa ya aiko

Ga waɗanda ke waje kuma suke son taimaka wa ƙani ko ƙanwa, tambaya ta farko ita ce: wace kyamara ce a hannunsa, da cikakkiyar lambarta? A sa ya ɗauki hoton gabanta da na ƙasanta ya turo ta WhatsApp. Kowane kamfani da bakin ɗaurinsa, kuma ko a cikin kamfani ɗaya bakin ya kasu.

Canon na da tsohon baki EF da EF-S, da sabon RF da ya fito a 2018. Tsohon ido yana hawa sabuwar kyamara idan an sa zoben haɗi, amma sabon ido na RF ba ya hawa tsohuwa ko ta ƙaƙa. Idon EF-S kuma ba ya ɗauruwa a manyan kyamarori irin su 5D da 6D.

Nikon na da bakin F tun 1959, da sabon Z na 2018. A nan tarkon ya fi ɓoyuwa. Kyamarorin jerin D3000 da D5000 ba su da injin saiti a jikinsu, don haka tsohon 50mm f/1.8D, mai arha a kasuwar hannu, zai ɗauru lafiya amma ba zai saita kansa ba. Wanda ake nema shi ne mai alamar AF-S. Masu alamar AF-P kuma ba sa aiki da tsofaffi irin D3100 da D3200.

Kamfanonin Sigma da Tamron suna ƙera ido ɗaya da baki daban-daban, sai an karanta wanda aka rubuta a kwali.

Yuro ɗaya sefa 656 ne. Idon Yuro 150 ya kusa sefa dubu 100 kafin kuɗin aike, kuma idan ya iso bai hau ba, mayar da shi Turai ya fi sayensa wuya.

Wanda zai saya a hannu, a Yamai ko Kano ko Kwatano, ya je da kyamararsa. Ya haska fitilar waya ta bayan idon ya leƙa ta gaba: 'yar ƙura ba komai, amma zare-zaren fumfuna ko hazo a cikin gilashi dalili ne na fasawa. Kayan da suka daɗe a biranen bakin teku, irin Kwatano, Lome da Legas, sun fi buƙatar wannan dubawa. Ya murza zoben zum da na saiti ya ji ko akwai ƙarar yashi. Ya ɗauki hoton rubutun allo ko bangon bulo, ya buɗe shi sosai ya ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, alamar idon ya taɓa faɗuwa. Mai kayan da ya hana gwaji ya riga ya ba da amsa.

Gwargwadon aljihu

Mai ƙaramin ƙarfi ya riƙe 18-55mm ɗinsa, ya ƙara kafaffen ido mai f/1.8 don dare. Idan yawo ya fi yi, 35mm ko ƙasa da haka. Idan hoton fuska ne abincinsa, 50mm.

Mai yawan tafiya, yau Agadas gobe Gaya, wanda ba ya son buɗe kyamara a hanya, ya nemi 18-135mm ko 18-140mm, da ƙaramin ido ɗaya na dare a aljihu.

Mai babban faranti, 24-105mm f/4 ko 24-120mm f/4 ya ishe shi yini guda, daga hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 har zuwa fuskar mai sayar da takalma a gindinta.

Dogon ido kuwa a bar shi sai an san ranar da za a yi aiki da shi. Wanda zai je kokowa sau ɗaya a shekara, aro ko haya a wurin abokin sana'a ya fi masa.

A tuna kuma cewa babbar kyamarar yawancin wayoyin zamani tana gani ne kamar 24mm zuwa 26mm. Hoton faɗi da rana, waya ta riga ta iya. Inda kyamara ke nuna fifikonta shi ne fuska, nesa da dare, kuma can ya kamata kuɗi ya tafi.

Abin da ruwa ya bari

A watan Satumban 2020 kogin Isa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, matakin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a lokacin. Ruwa ya ƙetare shingayen kariya ya shiga unguwannin gaɓar dama, ciki har da Lamorde, Karaje da Kirkissoye. Gidajen ƙasa sun zube, fadamun shinkafa sun nutse, iyalai sun koma makarantu. Shekaru takwas kafin nan, a 2012, an ga makamancin haka. A Satumban 2024 kuma ruwan sama ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19.

Hotunan ambaliya suna da yawa, 'yan jarida sun ɗauka, jirage marasa matuƙa sun ɗauka daga sama. Waɗanda suka yi ƙaranci su ne na kafin ruwan: ƙofar gida yadda take, bishiyar da ke tsakar gida, dattijon da ke zama a dakali, zanen da ke jikin bangon ɗakin tsohuwa. Irinsu ne ɗan unguwar da ke Brussels ko Kumasi yake tambaya idan ya kira gida, kuma sau da yawa sai a duba a tarar babu wanda ya ɗauka, domin a lokacin ba wanda ya ga abin ɗauka a ciki.

Irin waɗannan hotuna ba sa buƙatar idon kilo ɗaya da rabi. Daga tazarar mita uku ake ɗaukarsu, bayan an yi sallama an gaisa, da kyamarar da ba ta yi nauyin da za a bar ta a gida ba.

Kogin yana cika sau biyu a shekara: jan ruwan damina a Agusta da Satumba, sai kuma ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Gini, wanda ke isowa Yamai a tsakiyar hunturu. Tsakanin cikar biyu, lungunan Kirkissoye suna nan a bushe, yara na buga ƙwallo, mai ƙosai na hura wuta, kuma hasken la'asar yana sauka a kan katangu na kusan sa'a guda kafin a kira magariba.